Barsim ɗin da Ban Rufe Ba

Tumaki arba'in da uku ne a garken, da raguna biyu, sai ni. Wurin yana bayan Riyad, tafiyar kusan awa guda in hanya ta yi sauƙi. Fili ne da aka zagaye da waya, a ciki akwai rumfar kwano, da tankin ruwa, da ɗakina, da wata tsohuwar kwantena da muke zuba buhunan sha'ir. Tumakin irin na ƙasar ne, baƙaƙe masu farin kai, gashi har gwiwa, ga girman kai kamar sun san ba ni na saye su ba.

Mai su tsoho ne, gidansa a unguwar Nasiriya cikin Riyad. Shi ne kafil ɗina, da sunansa igamata take, wato takardar zamana: ya sa hannu in zauna a ƙasar, ya janye hannu in tattara komatsaina. Ya yi aiki ya yi ritaya, Allah ya rufa masa asiri, amma ba ya iya kwana biyu bai shaƙi warin tumaki ba. Kullum bayan la'asar sai ga shi a farar wanet ɗinsa, irin a-kori-kurar nan, ya fito da sanda, ya kifa bokiti ya zauna, ya yi ta kallonsu har magariba. Ya san kowace tunkiya da uwarta da kakarta. Ina ce masa Ammi, wato baffana, yana ce mini waladi, wato ɗana, kuma a shekara ɗaya da rabi da na yi a hannunsa bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Babban ɗansa yana aiki a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Ulaya. Ba mugu ba ne, yana son ubansa, amma garken nan ya tsaya masa a wuya. In ya zo, daga cikin mota yake gaisawa, gilashi rabi a sauke. Da aka yi wa tsohon aiki a gwiwa a ƙarshen zafi, likita ya hana shi tuƙi da doguwar tafiya na wasu watanni, sai ɗan ya ga dama ta samu. A gabana aka yi maganar, ranar da na je dubiya. Ɗan ya ce a sayar. Tsohon ya ce sai dai bayan ransa. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: in garken ya fita sanyin bana lafiya a hannuna, a bar wa tsoho tumakinsa, in aka samu matsala, sai kasuwa. Tsohon ya nuna ni da sanda ya ce, "Wannan a cikin dabbobi aka haife shi, ba ka san shi ba ne." Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Aka bar mini wanet ɗin a garke. Igamata kuma a ƙarshen sanyin za ta ƙare, kuma in babu garke babu makiyayi, wannan ko ba a faɗa ba na sani.

Shirin sanyi a can tun zafi bai gama karyewa ba ake fara shi. Mun riga mun saki raguna cikin tumaki tun tsakiyar zafi, don haihuwa ta faɗo a cikin sanyi, lokacin da ƙuda ya yi sauƙi. Sha'ir ya cika kwantena har baki. Na ɗinke inda waya ta ɓule, na naɗe bututun ruwa da tsummokara, na rataye dutsen gishirin da suke lasa, na ware masu ciki gefe guda, su talatin da ɗaya. Abin da ya rage barsim ne, busasshiyar ciyawar nan koriya da ake matsewa dami-dami masu kusurwa huɗu. Ita ce harawarsu. Sha'ir kaɗai ba ya riƙe tunkiya mai ciki, in ya yi yawa ma illa yake yi mata. Tsohon ya sa aka sayo na sanyin gaba ɗaya, aka kawo a babbar mota, da tamfol biyu shuɗɗa a naɗe a kai.

Ana gama saukewa ya kira ni.

"Ya iso, waladi?"

"Ya iso, Ammi."

"Ka ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa. Ka rufe shi da tamfol, ka danne gefe da duwatsu. Ka ji ko? Ka rufe shi."

"Abshir, Ammi." Haka ake amsawa a can in ana nufin ka ɗauka an gama.

Na ajiye waya ina murmushi. A raina na ce, tsoho da tsoro. A garinmu in kaka ta yi, a yanke harawa a ɗaure, a jefa ta kan rufin soro ko a cusa ta tsakanin rassan bishiya, ta yi wata biyar a buɗe babu mai rufe ta da ko tsumma. Wa zai rufe? A wurinmu ruwa da ɗari ba sa haɗuwa. Ruwa yana da watanninsa, in ya ɗauke ya ɗauke ke nan sai baɗi. Ba tunani na yi na kai ga wannan ba, abu ne da ke cikin jikina kamar sanin gabas. Sanyin da ya wuce kuma, wanda na fara yi a garken, yayyafi sau biyu aka yi wanda bai jiƙa riga ba. Na ga tsohon ya rufe barsim a shekarar, na ɗauka don rana ne.

Ni abin da nake tsoro iska ce. A bara na ga yadda iskar arewa ke ratsa waya ta shige rumfa, 'yan raguna sabbin haihuwa suna karkarwa, har biyu suka mutu. Sai na ɗauki tamfol ɗin nan biyu na ɗaure su a jikin waya ta arewa da ta yamma, suka zama katanga. Barsim kuwa na hau da shi kan rufin kwantena dami bayan dami, hawa uku, inda tumaki ba sa kaiwa. Kwana biyu na yi ina wannan aiki. Da na gama na tsaya daga ƙasa ina kallonsa, kore shar a kan rufi kamar a gida. Wallahi alfahari nake yi, har ina cewa da tsohon zai gani da ya koyi wani abu.

Sati uku bayan nan aka shiga abin da suke kira murabba'aniyya, kwana arba'in ɗin da sanyinsu ke kai maƙura. Wata Talata bayan azahar sama ta yi duhu ta yamma. Ina wanke kwamin ruwa, na ɗaga kai na ce guguwa ce za ta wuce. Sai na ji ƙamshin. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ƙamshin ƙasa in ruwa ya taɓa ta daga nesa, ni dai ban taɓa jin sa ina sanye da rigar sanyi biyu ba. Na yar da aikin na ruga. Kafin in kai bakin waya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Igiyoyin da na ɗaure da iya ƙarfina sun jiƙe sun ƙulle, yatsuna sun sandare, wuƙa tana ɗaki. Da na samu na yanke tamfol ɗaya na ja shi, iska ta fizge shi ta maka a waya. Na sake jawowa, na hau tsani da shi, na rufe rabi, iska ta yaye. Ina kan rufin nan ruwa na dukana ina zagin kaina da duk zagin da na iya. Sannan tumakin da na cire wa katanga suka fara kuka, ruwa na shigar musu ta gefe. Na sauko na rasa wanda zan rufe, su ko abincinsu. Kwana uku aka yi, ya tsagaita ya dawo, ya tsagaita ya dawo.

Rufin kwantena ba shi da indararo. Ruwan ya kwanta a kai, hawan ƙasa ya sha ya ƙoshi, na sama ya sha daga sama. Damin da nake ɗagawa cikin sauƙi sai da na yi nishi kafin in motsa shi. Rana ta biyar na cusa hannu tsakiyar wani na ji ɗumi kamar tuwon da aka rufe, na zaro hannun da wari. Rana ta bakwai fumfuna ta fito, da fari fara, daga baya baƙa.

Gari kuwa murna ake yi. Mutanen Riyad in an yi ruwa fitowa suke da iyalansu zuwa daji, su kafa tanti, su hura wuta, su dafa gahawa. Ta gefen wayata suke wucewa suna ɗaga mini hannu. Tsohon ya kira, muryarsa kamar ta yaro ranar salla.

"Waladi, kun samu? Alhamdu lillahi! Bana ciyawa za ta fito. Tumaki lafiya? Barsim lafiya?"

A lokacin ina tsaye a cikin barsim ɗin, na baza shi a ƙasa ya kai mini gwiwa.

"Lafiya lau, Ammi."

Wannan ƙarya ta fi ruwan yin ɓarna, yanzu na sani. A lokacin abin da nake gani ɗaya ne: sabon barsim sai ta hannun ɗan, don shi ke riƙe da komai tun da uban ya kwanta. In na buɗe baki, matsala ta samu, kasuwa ke nan. Na ce bari in gyara da kaina ba wanda ya ji.

Na kwance dami ɗaya bayan ɗaya na shanya a kan waya, a kan wanet, a kan rufin ɗakina. Amma ranar sanyin can ba ta da ƙarfi, fitowa take kamar an tilasta ta, da la'asar ta gudu, kafin safiya raɓa ta mayar da aikin baya. Na koma zama ina tsince barsim kara-kara kamar mai tsintar shinkafa, wannan kore ne, wannan ya yi baƙi. Wuni guda in tsinci abin da ba zai ishe su ci ɗaya ba. Fumfunar ta shige mini ƙirji, ina tari har da hawaye. Na kora su waje kiwo, ciyawar da ta tsiro ba ta kai tsawon farce ba, su wuni suna lasar ƙasa su dawo suna kallona. Sai na fara sassauta tsintar. Abin da jiya na ce baƙi ne, yau in ce ai wannan da dama-dama. Suka shinshina suka ƙi. Na yayyafa masa ruwan gishiri, na gauraya da sha'ir, yunwa ta sa suka ci.

Ranar Juma'a na shiga gari wurin wani dattijo ɗan garinmu da ke zaune a unguwar Jaradiya. Direban wani gidan abinci ne, ya fi shekara ashirin a ƙasar, Kawu muke ce masa. Na same shi a ɗakinsa bayan an sauko masallaci yana shan shayi, na zayyana masa komai. Ya ajiye kofi ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai yanzu barsim ka ɗora a rufi? A shita?" Shita shi ne sanyi a bakin mutanen can. "Kai, ɗan nan! Ka ɗauka Riyad ƙauyenku ce? Nan ai damina da sanyi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

"Kawu, an riga an yi. Taimako nake nema."

"Taimakon shi ne ka je ka faɗa wa kafil ɗinka gaskiya yau ɗin nan. Halas, shi ke nan. Ya yi faɗansa ya gama."

"In na faɗa, ɗansa zai sayar da su."

"In ba ka faɗa ba, me zai rage da za a sayar?"

Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya yi tsaki ya tashi ya sa takalmi. Ya zaga da ni bayan gidajen abinci uku da ya sani, inda ake tara busasshen burodi don masu dabbobi, muka cika bayan wanet da buhuna. Ya ce in riƙa jiƙawa ina ba su kaɗan-kaɗan, kada in cika, yana kumbura ciki. Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Burodi ba barsim ba ne fa. Wannan sati ɗaya zai kai ka, ba zai fitar da kai shita ba."

Burodin bai kai ni ko'ina ba. Saura kamar sati biyu su fara haihuwa, na fito da safe na tarar ta farko ta yi ɓari. Ɗan nata ya cika halitta har da gashi, farin kai irin na uwar, tana tsaye a kansa tana lasa. Na haƙa rami bayan tanki na binne. Washegari biyu. Bayan kwana biyu, uku a safiya ɗaya. Na daina ba su barsim ɗin gaba ɗaya, amma abin ya riga ya shiga jiki. Kowace safiya ina fitowa daga ɗaki da addu'a a bakina da shebur a hannuna. Har na kai in tsaya a ƙofa in kasa leƙa rumfa. Na roƙi Allah a sujada ya ɗora ciwon a kaina ya bar dabbobin mutane. Na yi tunanin in ja ƙofa in ɓace cikin gari kamar yadda wasu ke yi, sai in tuna babu mai ba su ruwa.

Tsohon kuwa kullum bayan la'asar sai ya kira, yana tambayar su ɗaya-ɗaya: mai yankakken kunne, mai tabo a goshi, wadda ta haifi tagwaye bara. Ina cewa lafiya, lafiya, lafiya. Ranar da ya daɗe yana ba ni labarin mai tabo a goshi, yadda ya shayar da ita da kwalba tana ƙarama, tana kwance a gabana ta mutu tun hantsi, ɗanta ya ruɓe a cikinta. Na ce masa ga ta nan tana cin abinci. Da na kashe wayar na durƙusa na yi amai.

Ɓari goma sha ɗaya, iyaye huɗu. A nan na kasa ci gaba. Na yi wanka, na sa wankakkiyar riga, na ɗauki damin da ya fi kowanne baƙi na jefa a bayan wanet, na kama hanyar Nasiriya.

Na so in samu tsohon shi kaɗai. Ban samu ba, Asabar ce, ɗan yana gida. Suna falon maza, tsohon a kujera ƙafarsa miƙe a kan matashi, ɗan yana zuba masa gahawa. Na ajiye damin a bakin ƙofa, warinsa ya riga ni shiga. Na durƙusa na faɗi abin da ya faru: ruwa ya daki barsim, ya ruɓe, na ba su, sun yi ɓari, wasu sun mutu, kuma duk lafiyar da nake cewa a waya ƙarya ce. Tsohon ya tambayi waɗanne ne suka mutu. Na faɗa masa su. Da na zo kan mai tabo a goshi ya rufe ido.

Ɗan ya ajiye butar gahawa a hankali. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi.

"Ruwa ya dake shi ta yaya? Ba tamfol biyu aka aika ba? Ba a ce maka ka rufe ba?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Tun a hanya na shirya maganar: an faɗa mini, ni na ƙi ji. Na san abin da zai biyo baya, takardar huruj ta barin ƙasa, jirgi, in sauka gida hannu rabbana. Na riga na haƙura da hakan.

"Ban faɗa masa ba," in ji tsohon.

Muka juya gare shi.

"Na ce zan kira shi in ce ya rufe, sai na manta. A ƙasarsu ba a ruwa da sanyi, ina zai sani? Laifina ne."

"Yuba," in ji ɗan, haka suke kiran uba, "kai ka manta da barsim? Kai?"

"Na manta."

Tsohon bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ɗan ya daɗe yana kallon ubansa, kuma ba fushi na gani a fuskarsa ba, tsoro na gani. Ni kuma ina durƙushe, maganata tana kan harshena. Na tuna bakunan da ke jirana a gida, na haɗiye ta.

Cikin sati aka sayar da ragowar, ni na loda su a mota da hannuna. Aka sabunta mini igama, aka mayar da ni direban gida, tunda tsoho yana bukatar mai kai shi asibiti. Gwiwar ta warke, amma ba a mayar masa da makullin mota ba, ɗan ya ce a ɗan jira tukuna. Daga nan aka fara bin sa da ido. In ya nemi tabaraunsa, a kalli juna. In ya maimaita labari, a kalli juna. Mutumin da ko labule ba a canzawa a gidan sai an ji ta bakinsa, aka koma yanke shawara a wani ɗaki a zo a faɗa masa a hankali, da murya irin wadda ake yi wa mara lafiya. Bayan la'asar ya fito ƙofar gida ya zauna ya yi ta kallon titi.

Sau ɗaya na gwada, muna cikin mota mu biyu. Na ce, "Ammi, don Allah ka bar ni in faɗa masa."

Ya ce, "Ka faɗa masa me? Tumakin za su dawo? Kalli hanya."

Wata uku bayan nan ɗan ya sa aka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ni na tuƙa, ni na riƙe masa hannu har cikin ofis, aka ce in tsaya ko za a bukace ni. Likitan ya tambayi yaushe aka fara lura da mantuwar. Ɗan ya ce tun sanyin da ya wuce: mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana kiwo ya manta ya ce a rufe abincin dabbobi, har garke ya lalace. Sai ya juyo ya nuna ni.

"Ga makiyayin nan, shi abin ya faru a hannunsa. Bai faɗa maka ba, ko?"

Likitan ya ɗaga biro yana jirana. Tsohon yana kallon tafin hannunsa.

Na ce, "Bai faɗa mini ba."

Likitan ya rubuta.